Wayar da ta raba ni da kallon taurari ita ce ta mayar da ni

A mako na uku na watan Oktoban 2024 na je gida Tudun Wadar Dankadai ɗaurin auren wata ƙanwata. Bayan an idar da magariba muna zaune a dakalin ƙofar gida mu takwas, babu wuta, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Sai ɗan yayana, yaro ɗan shekara 15, ya nuna yamma ya ce, "Baffa, wancan jirgi ne? Tun ɗazu nake ganinsa bai motsa ba." Na ɗaga kai na ce masa Zara ce, matar wata. Ya tuntsire da dariya, ya ce shi Zarar da ya sani 'yar ajinsu ce.

Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da na ƙara dubawa, a dama da Zara can sama, na hango wani ɗan haske mai dishi-dishi da jela a miƙe. Tauraro mai wutsiya ne, wanda masana suka sa wa suna Tsuchinshan-ATLAS. Dukanmu mun ga hotonsa a Facebook da TikTok a cikin makon, wasu har sun tura wa abokai, amma ba wanda ya yi tunanin ɗaga kai ya gan shi a saman gidanmu. Har da ni, wanda a dā ba abin da nake so kamar kallon sama.

Tun daga wannan dare na koma wa tsohuwar sha'awata, kuma ga abin da na fahimta. Matashin da ke zaune a Tudun Wada, Doguwa, Kiru ko Bebeji, da waya a aljihunsa, ya fi yawancin mutanen Turai damar sanin sararin samaniya, kuma ba sai ya sayi komai ba kafin ya fara. Sharaɗin guda ɗaya ne: wayar ta tsaya a matsayin mai nuna hanya, ido ya yi kallon.

Yadda na fara, da yadda na bari

A bazarar 1997 ina ɗan shekara 11. Zafi ya sa muna kwana a tsakar gida, kuma a wannan shekarar ne tauraro mai wutsiya Hale-Bopp ya bayyana, wanda aka yi kusan wata 18 ana iya ganinsa da ido zalla a sassan duniya. Kullum bayan magariba yana nan arewa maso yamma. Manya suna ta faɗin abin da suke jin yana nufi. Kakata kuwa, Allah ya jiƙanta, ba ta shiga wannan zance. Sai ta jawo ni kan tabarmarta ta ce, "Zo nan maigidan, bar su da baƙon, in nuna maka 'yan gida." Ita ta nuna mini Kaza da 'ya'yanta, da taurarin nan uku da ke jere da take kira zomo da kare da maharbi. Ta ce in na tashi da asuba in nemi Gamzaki a gabas.

Daga baya malaminmu na kimiyya ya yi mana bayanin cewa tauraro mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, in ya matso kusa da rana sai ya riƙa fitar da tururi da ƙurar, shi ne jelar da muke gani. Ya ara mini wani tsohon littafi mai taswirar taurari. Na sha kwanciya a bayan gari da tocila a hannu ina juya littafin sama da ƙasa, ina ƙoƙarin daidaita shi da abin da ke samana. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 kuwa har Katsina na je, domin cikakken husufin ranar da ya ratsa ta Gusau, Katsina da Maraɗi. Da hantsi gari ya yi duhu kamar magariba, kaji suka nufi akurki, Zara ta fito ƙuru-ƙuru.

Bayan nan sai neman abinci. Na koma Kano na shiga harkar waya a kasuwar Farm Centre. Na yi shekara 18 ina gyara gilashin waya, ina sayar da ita, ina kwana da ita a hannu. Ban yanke shawarar daina kallon sama ba. Kawai dai a birni taurarin da ake gani ba su da yawa, kuma duk lokacin da na samu sarari, akwai abin kallo a tafin hannuna.

Abin da ya canza a bayana

Da na dawo, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne wahalar da na sha da littafi da tocila ta ƙare. Ka shiga Play Store ka sauke Stellarium, ko Sky Map, ko Star Walk 2, ko SkySafari. Ka ɗaga wayar ka nuna ta inda kake so, sai ta rubuta maka sunan abin da ke wajen. Ba hoton sama take ɗauka ba. Lissafi take yi: GPS ya gaya mata inda kake, agogo ya gaya mata lokaci, kamfas ɗin da ke cikin wayar ya gaya mata inda ka fuskanta. Shi ya sa ko a cikin ɗaki ka nuna ta ƙasa za ta nuna maka taurarin da ke ɗaya gefen duniya, kuma shi ya sa Stellarium da Sky Map ke aiki ko babu data da zarar ka sauke su.

A matsayina na mai gyaran waya, ga abu biyu da za su iya ba ka matsala. Na farko, ƙananan wayoyi masu araha da yawa ba su da kamfas a ciki. In taswirar ba ta juyawa idan ka juya, kada ka ce manhajar ce ta lalace. Ka riƙa jan taswirar da yatsa, ka fara daga abin da ka sani, kamar wata ko inda rana ta faɗi. Na biyu, ƙarfe yana rikita kamfas. Ka matsa daga jikin ƙofar ƙarfe, babur ko rumfar kwano, sannan ka kaɗa wayar a iska kamar kana rubuta lamba 8 sau uku ko huɗu.

Saman ma ta canza. A 1997 in ka ga ɗigon haske yana tafiya, abin labari ne. Yanzu a awa ɗaya bayan magariba za ka ƙirga da yawa. Kamfanin SpaceX ya harba rukunin farko na taurarin Starlink guda 60 a watan Mayun 2019, yanzu sun kai dubbai, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka fara amfani da intanet ɗinsu a farkon 2023. Idan ka ga fitilu a jere kamar jirgin ƙasa suna ratsa sama, su ne, kwanaki kaɗan bayan an harba su. Wanda ya fi su haske, mai tafiya a natse ba ya ƙyaftawa, shi ne tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS. Tana sama da mu da kusan kilomita 400, tana zagaya duniya cikin kimanin minti 90, kuma akwai mutane a ciki. Manhajar Heavens-Above ko Spot the Station ta hukumar NASA za ta gaya maka mintin da za ta wuce ta garinku.

Abin da muke da shi wanda Landan ba ta da shi

Kudancin Kano yana kusan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Amfanin wannan shi ne muna ganin saman arewa gaba ɗaya, muna kuma ganin mafi yawan saman kudu. Ka miƙa hannunka ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Ka ɗora shi a kan inda sama ta haɗu da ƙasa ta arewa, a samansa kaɗan za ka ga tauraron arewa, Polaris, wanda ba ya barin wurinsa. Ka juya kudu a watan Janairu ko Fabrairu, ga Suhailu, wanda manhajar za ta rubuta maka Canopus, na biyu a haske cikin duk taurarin dare. Mutumin Landan ko Balin ba zai taɓa ganinsa daga ƙofar gidansa ba. A watan Afrilu da Mayu, can ƙasa-ƙasa ta kudu, akwai taurari huɗun da ake kira Crux, kuma a hagunsu ga Alpha Centauri, maƙwabcinmu mafi kusa cikin taurarin da ido ke gani, wanda haskensa ke yin shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso. Masu wannan sha'awa a Turai kuɗin jirgi suke biya zuwa Namibiya ko Chile don su ga waɗannan.

Sannan ga duhu. Taswirar hasken dare ta duniya da masana suka fitar a 2016 ta nuna cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama, wadda ake kira Milky Way, saboda hasken fitilu. Wani binciken da ya fito a mujallar Science a 2023 ya gano cewa tsakanin 2011 da 2022 hasken da ke dusashe taurari yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 duk shekara a wuraren da aka auna. Ma'anarsa, yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 saura 100. A cikin birnin Kano mun riga mun shiga wannan sahu. Amma a ƙauyukan bakin dam ɗin Tiga, ko wajen duwatsun Riruwai, ko bayan garin Tudun Wada kaɗan, farar hanyar tana nan, har da baƙaƙen gurabun da ke cikinta.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Mafi kyawun darare a wajenmu su ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Sai kuma daren da aka sha ruwa da yamma a damina gari ya washe, domin ruwan ya wanke ƙura. Idan hazon hunturu ya yi kauri, ka haƙura da ƙananan taurari ka koma kan wata da manyan duniyoyi. Kuma Bahaushe ya riga ya ba ka ƙa'idar farko: rashin farin wata, tauraro ke haske. Ka zaɓi ƙarshen wata ko farkonsa.

Inda waya ke cutarwa

Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya buɗe sosai ya fara ganin ƙananan taurari. Kallo ɗaya ga farin gilashin waya ya isa ya rushe wannan, ka koma farko. Na ga matasa sun fita kallon taurari sun dawo suna cewa ba komai a saman, alhali kowane minti biyu sai sun duba WhatsApp. Duk manhajojin da na ambata suna da maɓallin da ke mayar da fuskar wayar ja, saboda jan haske ba ya kashe ido kamar fari. Ka danna shi, ka rage hasken wayar zuwa ƙarshe, ka kashe data. Ka duba sunan abu sau ɗaya, ka kifa wayar, ka neme shi da idonka. In ka kasa nuna wa wani Kaza ba tare da waya ba, ba ka san ta ba tukuna.

Cutarwa ta biyu ita ce hoto. A watan Maris 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan wayoyin Samsung masu zuƙo nesa, bayan wani ya dusashe hoton wata da gangan a kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar daga nesa, sai ga hoto ya fito da ramuka da zane-zanen da babu su a wanda ya ɗauka. Kamfanin ya yi bayanin cewa ƙirƙirarriyar basirar da ke cikin kyamarar tana gane wata, sai ta ƙara masa armashi. Ba na cewa hoton ba shi da kyau. Ina cewa ne wani ɓangarensa abin da wayar ta koya ne, ba abin da ya shigo ta gilashinta a daren ba.

Akwai kuma sababbin na'urorin hangen nesa masu haɗuwa da waya, irin Seestar S50 da ta fito a 2023 a kan kusan dala 500. Ka ajiye ta, ka zaɓi abin da kake so a manhaja, ta juya da kanta ta nemo shi, ta tara hotuna ta turo maka. Ba ta ma da wurin sa ido. Fasaha ce mai ban sha'awa, kuma ga mai son hoto ta yi. Amma ka lura da inda ta mayar da kai: kana sunkuye a kan waya, kamar yadda muke a dakalin nan.

Ga abin da hoto ba zai ba ka ba. A daren Nuwamba marar wata, ka nemi Andromeda a manhaja, ka kifa wayar, ka duba. Za ka ga ɗan farin tabo kamar gajimare. Tarin taurari ne da ya fi namu girma, kuma hasken da ya shiga idonka ya baro can shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce. Hoton Andromeda da ke intanet ya fi wannan tabon kyau sau dubu, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

In kana son ka gwada hoto da wayarka, bismillah, bayan ka gama kallo. Ka shiga sashen Pro na kyamara, ka sa ISO tsakanin 1600 da 3200, ka bar ƙofar kyamarar a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 20, ka kai saitin nisa ƙarshe, ka sa ta jira daƙiƙa uku kafin ta ɗauka. Ka ɗora wayar a mariƙi mai ƙafa uku irin na masu yin bidiyo, ko ka jingina ta da bulo. In ka wuce daƙiƙa 20 da yawa taurarin za su fara zama 'yan layuka, domin duniya tana juyawa digiri 15 duk awa.

Kada ka fara da kashe kuɗi

Kuskuren da na ga masu sabuwar sha'awa suna yi shi ne gaggawar sayen madubin hangen nesa. Na taɓa yi ni ma. Na sayi wani a shagon intanet, an rubuta a kwalinsa cewa yana ƙara girma sau 500. Ƙafafunsa kamar tsinke, iska kaɗan ta sa komai rawa, ko wata da ƙyar na kama. Abin da ke da muhimmanci a madubin hange shi ne faɗin bakinsa, wato yawan hasken da yake tarawa. Ƙa'idar da aka sani ita ce ƙarin girma mai amfani ba ya wuce ninki biyu na faɗin bakin a milimita. Mai baki milimita 60 iyakarsa 120. Duk wanda ya rubuta 500 a kansa, kuɗinka yake so.

Shawarata ita ce ka yi wata uku da ido da manhaja kawai. In sha'awar ta zauna, ka nemi madubi mai ido biyu irin na masu kallon ƙwallo, wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa. Lambar farko ƙarin girma ce, ta biyu faɗin gilashi. Ƙwayar ido a duhu ba ta wuce milimita 7, don haka gilashi mai milimita 50 yana tara haske kusan ninki 50 na idonka. Da shi za ka ga ramukan wata, ka ga 'ya'yan Kaza sun tashi daga shida ko bakwai sun zama gommai. In ka jingina gwiwar hannu da katanga ka duba Mushtari, wato Jupiter, za ka ga 'yan ɗigo a jere a gefenta. Watanninta ne guda huɗu da Galileo ya gani a 1610, kuma gobe in ka duba sun sauya wuri. Zoben Zuhal, wato Saturn, shi ne sai da madubin hange na sosai.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a ciki: kada ka taɓa duban rana da kowane irin madubin hange, ko na daƙiƙa ɗaya. Baƙin tabarau da fim ɗin hoton asibiti ba sa karewa. Makantar da ke biyo baya ba ta da magani.

Abin da ake ce mini

Wasu suna cewa ilimin taurari ai duba ne. Na fahimci inda tsoron ya fito, domin a Hausa suna ɗaya muke kiran abu biyu. Akwai mai cewa tauraronka ya nuna za ka yi arziki ko aurenka zai mutu, wannan ba ruwana da shi. Akwai kuma ilimin falaki, wanda lissafi ne na tafiyar rana da wata da taurari, irin wanda aka fitar da jadawalin lokutan salla da alƙibla da shi, har manhajar kiran salla da ke wayarka. Ka duba sunayen da Stellarium ke rubutawa: Aldebaran, Rigel, Altair, Deneb. Duk Larabci ne da bakin Turawa ya lanƙwasa. Ɗan tabon Andromeda ma, Abdurrahman al-Sufi ya bayyana shi a littafinsa tun shekarar 964. Kuma duk ƙarshen Sha'aban da Ramadan, Sarkin Musulmi yana kira a fita duban jinjirin wata. Sanarwa tasa ce da kwamitinsa, amma matashin da ya san inda zai duba, da tsayin da watan zai kasance bayan faɗuwar rana, ya fi amfani a wannan fita fiye da mai zare ido ko'ina.

Wasu kuma suna cewa ana fama da tsadar shinkafa da taki, wa ke da lokacin taurari? Amsata ita ce wannan na cikin 'yan abubuwan da suka rage kyauta, ba ya cin data kamar bidiyon minti goma. Kuma yana da riba a cikin wayar kanta. Sau nawa aka turo maka saƙon cewa yau da ƙarfe 12:30 na dare wasu haskoki masu haɗari za su wuce, ka kashe wayarka ka nesanta ta da jikinka? Ko cewa NASA ta ce duniya za ta yi duhu na kwana shida? Ko cewa ranar 27 ga Agusta duniyar Mars za ta kai girman wata, ƙaryar da ke yawo tun 2003? Wanda ya yi wata uku yana bin sama da idonsa ba ya tura irin wannan. Rashin sani ya fi dare duhu.

Magana ta uku ita ce ta fi nauyi: duhun da nake yabo ai rashin wuta ne, kuma rashin wuta ba abin alfahari ba ne. Gaskiya ne. Ina son asibitin garinmu da makarantu da kasuwar shinkafa su samu wuta dare da rana, kuma na yi murna da fitilun sola da ke ƙaruwa a tituna da ƙofofin gidaje. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Hasken da ya tafi sama ba ya haska wa kowa hanya, asarar batir ne kawai. In za ka kafa fitila, ka sunkuyar da kanta ƙasa, ka yi mata 'yar hula ko da ta gwangwani ce. Fitilar da ke dukan idon mai tahowa ma ɓoye abin da ke bayanta take yi. Turai sai da ta rasa taurarinta sannan ta fara gyara. Mu muna da damar kafa namu daidai tun farko.

Game da tsaro kuwa, ba na ce kowa ya shiga dajin Falgore da dare ba, ko ya tsaya a gefen titin Jos shi kaɗai. Filin makaranta, masussuka a bakin gari, ko saman soro sun isa. Ku fita ku uku ko huɗu, a gida a san inda kuke, ku gaya wa 'yan sintiri. 'Yan mata kuwa, tsakar gida ta wadatar. A nan ni ma na koya.

Sunayen da babu su a manhaja

Akwai wani aikin da ba mai yi mana shi. A cikin Stellarium akwai sashen da ke nuna sama yadda al'ummu daban-daban suka sa mata suna: Larabawa, Sinawa, Misirawan dā, Maori na New Zealand. Na bi jerin ban ga Hausa ba. Manhajar ta masu sa kai ce, kowace al'umma mutanen da suka damu da ita ne suka tattara nata suka aika.

Mu ma muna da abin aikawa. Tsofaffin manoma da malaman zaure suna lissafin shekara da taurari 28, bakwai ga kowane yanayi, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, jimla 365. Za ka ji suna cewa an shiga Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa, kuma da wannan suke auna shuka da noma da ƙarfin ruwa. Lissafin yana da tushe: kowane tauraro yana riga jiya fitowa da kusan minti huɗu, wato awa biyu a wata, sai shekara ta zagayo ya koma inda yake. Surayya da ke cikin jerin ita ce Kazar kakata, ita ce kuma Pleiades a wayarka. Bayan waɗannan akwai sunaye da tatsuniyoyin da mata tsofaffi da mafarauta da Fulanin rugagen Doguwa ke riƙe da su, waɗanda ba a rubuta ba. Ni na yi sakaci, kakata ta tafi da sauran nata.

Wayarka tana da rikoda. Ka zauna da tsohon gidanku da dare, ka nemi izininsa, ka nuna tauraro ka ce, "Baba, wannan me kuke ce masa?" Ka ɗauki muryarsa, sannan ka duba sunan a manhaja ka rubuta su gefe da gefe, da garin da ranar. In kana son ƙari, akwai shirin Globe at Night, inda kake gwada taurarin da idonka ke gani da wasu taswirori ka aika sakamakon ta waya. Daga irin waɗannan rahotanni aka yi binciken 2023 da na ambata, kuma mafi yawansu daga Turai da Amurka ta Arewa suka fito. Rahoto daga Kiru ko Bebeji yana cike gurbin da ba kowa a cikinsa.

Ranakun da za ka sa a kalandar wayarka

Daren 13 zuwa 14 ga Disamba na kowace shekara akwai ruwan taurari masu gudu da ake kira Geminids, ba ya buƙatar komai sai tabarma da bargo. Ranar 2 ga Agusta 2027 kuma akwai husufin rana, cikakke a Luxor ta Masar na fiye da minti shida, ya bi ta Jidda da Makka, mu a nan mu ga wani ɓangare idan hadari ya bari. Ka tanadi tabarau na musamman na kallon husufi tun da wuri.

Ɗan yayana kuwa, bayan wata biyu da komawata Kano ya turo mini saƙon murya. Na buɗe ina tsammanin kuɗin data zai tambaya. Sai na ji muryar wani dattijo maƙwabcinmu yana jero taurarin damina ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin aikin gonar da ake yi a kowanne. A ƙarshe yaron ya karɓi wayar ya ce, "Baffa, saura na kaka da na ɗari, ya ce in dawo gobe bayan isha'i."